Shimfiɗar Fuska a Ƙofar Taimako

Shekara 35 Malamar ta yi tana koyarwa a makarantun firamare na birnin Kano kafin ta ajiye alli. Ba ta daɗe a gida ba zama ya gundure ta, sai ta miƙa kanta ga wata ƙungiyar unguwarsu mai tallafa wa marayu da matan da mazajensu suka rasu, domin ta yi aikin sa kai. Ta yi zaton za a ba ta ma'aji ko sakatariya, amma sai aka nuna mata wani tebur a bakin ƙofa, da benci, da rajista, aka ce ita ce mai karɓar baƙi. Ta amsa, ko da yake a ranta ta ga an raina wadda ta taɓa riƙe makaranta sukutum.

Karɓar baƙo ba sabon abu ba ne ga Bahaushe. Zaure shi ne wurin da magidanci ke tarbar wanda ya yi sallama, a shimfiɗa masa tabarma, a kawo ruwa, a gaisa, sa'an nan a ji abin da ya kawo shi. A zangunan fatake kuma, daga Sabo ta Ibadan har zuwa Kumasi, maigida ne ke saukar da baƙo, ya tsare masa dukiyarsa da mutuncinsa. Da ƙungiyoyin zamani suka bayyana, irin su Jama'atu Nasril Islam da aka kafa a Kaduna a 1962 da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da aka kafa a Minna a 1985, sai taimako ya sami ofis da takarda da layi. Teburin bakin ƙofa shi ne ya gaji zaure.

Aikin Malamar shi ne ta rubuta sunan mai zuwa da unguwarsa da yawan 'ya'yansa da buƙatarsa, ta miƙa wa kwamiti. Abin da ya fi ƙarfin ƙungiya kuwa, ta nuna wa mai shi hanyar asibiti ko ta Hukumar Zakka da Hubusi. Da farko aikin ya zo da sauƙi. Amma bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, farashin abinci da na magani ya hau, benci ya daina isar jama'a. Sannu a hankali gaisuwar Malamar ta gajarta, muryar da take tsawatar wa 'yan aji da ita ta dawo.

Wata Litinin da safe, cikin damina, wata matashiya ta shigo da goyo. Ta durƙusa ta gaishe ta, ta tambayi gida da iyali da gajiya, sa'an nan ta ce, “Na zo ne dai mu gaisa, Hajiya.” Malamar ta karɓi sunanta da unguwarta ba tare da ta ɗaga kai ba, ta ce da ƙarfi, “Ke, nan ba wurin gaisuwa ba ne. Me kike so? Abinci ko kuɗin makaranta?” Matashiyar ta dubi benci, inda maƙwabtanta biyu ke zaune, ta gyara mayafi ta ce, “Babu komai, Hajiya. A gafarce ni.” Ta fice. A rajista ga suna, ga unguwa, amma gurbin buƙata wayam.

Wannan gurbi ya hana Malamar barci. Ta san sarai cewa idan Bahaushiya ta ratso ruwan sama da goyo ta ce ta zo a gaisa, to, akwai magana a bayan gaisuwar. Kunya ce ta sa ta gabatar da ita domin a ba ta ƙofar shiga. Ta kuma tuna nahawun da ta koyar. A jimlar “Me kike so?” baƙuwa ce aikau, wato ita ke so, ita ke roƙo. A jimlar “Me ke tafe da ke?” kuwa, lalurar ce aikau, ita ta taso baƙuwar, ba kwaɗayinta ba. Tambayar guda ce, amma ta farko tana tsiraita mai buƙata, ta biyu tana rufa masa asiri.

Bayan kwana uku ta nemi gidan ta hannun mai unguwa. Ta tarar matar ba ta daɗe da fita takaba ba, yaron na fama da ciwon sikila, an ce sai an ƙara masa jini, kayan ɗaki kuma duk an sayar. Abin da ya fi taɓa ta shi ne, marigayin yana cikin masu ba ƙungiyar gudummawa duk ƙarshen wata. Yaya matarsa za ta buɗe baki a gaban maƙwabta ta ce yau ita ce mai nema? Malamar ta ce, “'Yata, ki yafe mini, bakina ne ya riga hankalina.” A ranar aka kai yaron asibiti. Allah ya sa yana da sauran kwana, amma kwana ukun nan da ya yi yana murƙususu, Malamar ta san daga teburinta suka fito.

Tun daga nan ta sauya tsari. Ta mayar da benci waje ƙarƙashin rumfa, ta sa labule, domin kowa ya shigo shi kaɗai. Takan fara miƙa ruwa, ta amsa gaisuwa har ƙarshenta, ba ta buɗe rajista sai mai magana ya gama. Dattijo Baba ne, sa'arta Hajiya ko Malama, yarinya kuwa 'yata. Ba ta yin alkawarin abin da ba ya hannunta, idan kuma babu, takan faɗa cikin taushi tare da nuna wata hanya. Abin da ta ji a bayan labule, a nan yake tsayawa. Tsarin yana da tsadarsa: layi ya ƙara tsawo, wasu suka riƙa komawa gida sai washegari, 'yan kwamiti suka koka. Ta amsa musu da cewa buhun shinkafa kan ƙare cikin wata guda, amma wanda aka kunyata a ƙofa yakan mutu da lalurarsa bai dawo ba.

Darasin da ya fi yi mata nauyi shi ne wanda ya shafi aji. Ta tuna yara nawa ta tsayar a gaban 'yan'uwansu tana tambayar dalilin zuwa babu littafi ko babu takalmi, da iyaye nawa suka zo ofishinta suka gaisa suka tafi ba su faɗi komai ba. Ashe malami ma mai karɓar baƙi ne, domin ɗalibi da mahaifinsa fuskarsa suke fara karantawa kafin allo. Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, Malamar kuwa ta sha rubuta wannan karin magana a allo, amma sai bayan ritaya ta san nauyinsa.

Rajistar wannan shekara ta cika, an buɗe wata. Gurbin nan dai Malamar ba ta cike shi ba, ko da yake ta san abin da ya kamata a rubuta. Takan buɗe shafin kowace safiya ta dube shi, sa'an nan ta ɗaga labule ta ce wa na farko, “Sannu da zuwa.”