KABOYIN DA YA SA RIGAR TSOHUWA

Duk wanda ya taso yana kallon fim ɗin kaboyi ya san ƙa'idarsa tun kafin a kunna: akwai akta, akwai bos, a ƙarshe su tsaya a tsakiyar gari rana tsaka, kowa hannu a kan bindiga, wanda ya riga zarowa shi ne namiji. To ni yau zancen wanda ya karya wannan ƙa'ida zan yi muku, wato The Missouri Breaks na Arthur Penn, wanda ya fito a 1976, kuma har yanzu ban ga mutum biyu da suka kalle shi bakinsu ya zo ɗaya ba.

Labarin a jihar Montana ta Amurka yake. Jack Nicholson shi ne Tom Logan, shugaban wasu ɓarayin dawaki. Wani attajiri mai suna Braxton ya rataye ɗaya daga yaransa, su ma suka rataye babban yaron attajirin, suka kuma sayi gona daf da tasa don su riƙa ɓoye dawakin sata. Da abin ya ishi Braxton sai ya ɗauko hayar makashi, Lee Clayton, wanda Marlon Brando ya fito a matsayinsa. Daga nan rigima ta fara, a cikin fim da kuma tsakanin masu kallo.

Ka duba fa mai karatu, Brando ya ci Oscar da The Godfather na 1972, Nicholson kuma a farkon 1976 ɗin ya karɓi tasa da One Flew Over the Cuckoo's Nest. Maƙwabtan juna ne a Los Angeles, ba su taɓa haɗuwa a fim ba sai nan, ba su kuma sake ba. Mutane suka shiga silima da zaton za su ga karon zakuna biyu. Sai me suka tarar? Ƙaton mutum yana zuba ƙamshin turare, yana magana da karin harshen mutanen Ayalan, can kuma ya sauya murya, yana leƙen tsuntsaye da madubin hangen nesa, yana yi wa dokinsa kalaman soyayya. Ranar da ya iso ma gidan makoki ya faɗa, ya cakumo gawa daga cikin akwati a gaban jama'a. Daga baya ya sa riga da hular tsofaffin mata ya je ya cinna wa bukka wuta. Masu sharhi da yawa a lokacin suka ce Brando ya raina aikin ne, wasa kawai ya zo yi a biya shi, fim ɗin kuma bai yi kasuwar da aka sa rai ba.

A majalisarmu ma haka aka rabu da muka kalle shi. Wani abokina tela, wanda ya haddace finafinan Clint Eastwood kamar karatun allo, tun ba a kai rabi ba ya miƙe, wai shi ba zai zauna yana kallon bos da ɗankwali ba. Wani kuma malamin firamare ya ce duk fim ɗin Brando ne, in ba ya cikin hoto barci yake ji. Na uku, wanda ya fi mu shekaru, cewa ya yi Nicholson aka zalunta, an kawo shi an sa shi ban ruwan kabeji yana kallon wani yana cinye fim.

Ni kuwa a nan na tsaya, don wannan matsalar tawa ce ta kullum. Duk marubucin littafi ya san yadda mugu yake ƙwace labari. Ka zauna ka tsara jaruma mai haƙuri da tarbiyya, ka ƙirƙiro kishiya don ta wahalar da ita, kafin ka kai littafi na biyu sai ka ji masu karatu ba wadda suke tambaya sai kishiyar. Mugu yana da 'yancin da na kirki ba shi da shi. A ganina Brando ya gane haka, ya kuma yi amfani da shi da gangan. Makashin da ya ɗaure fuska ka san inda ya dosa. Amma wanda zai zauna ya yi hira da yaro a bakin wuta cikin raha, gari ya waye ya nutsar da shi a kogi, wannan ba ka san ta inda za ka kare kanka ba. Har Braxton da ya ɗauko shi sai da ya ce ya isa haka, Clayton ya ƙi tsayawa. Wanda ya taɓa ganin an ɗauko ɗan daba don ya yi maganin wani, ƙarshe ya gagari mai gidan, ba zai kira wannan wasa ba.

Sai dai ban yarda an zalunci Nicholson ba. Da shi ma ya tashi nasa haukan, kuma kowa ya san ya iya, da fim ɗin ya zama gidan mahaukata. Shirun da ya yi ne ya sa muka damu da Logan, ɓarawon da ya fara jin daɗin noma, ya kamu da son Jane, 'yar mutumin da ya rataye abokinsa. Akwai inda ya tarar da Clayton a bahon wanka cikin kumfa, bindiga na hannunsa, ya kasa harbinsa, sai bahon ya harba ruwa ya tsiyaye. A fuskarsa kawai za ka karanta cewa ya san ya yi sake, kuma yaransa ne za su biya.

Abin da ya fi ɓata wa tela rai da aka ba shi labari shi ne ƙarshen. Babu fito-na-fito. Clayton na barci a daji, Logan ya lallaɓo ya yanke masa maƙogwaro. Tela ya ce wannan aikin matsoraci ne, akta ba ya kashe mai barci. Na ce masa mutumin da ya harbe wani yana cikin bayan gida daga nesa, wane fili za ka ba shi? Ya ce duk da haka.

Wannan "duk da haka" ɗin ne ya sa na ajiye babi na ƙarshe na littafin da nake rubutawa kusan wata guda. Jarumata tana da hanyar da za ta kuɓuta daga mijin da ya azabtar da ita, amma hanyar ba mai tsabta ba ce, kuma na san irin su tela su ne masu sayen littafina. Jiya dai na rubuta shi yadda Logan zai yi, na miƙa wa mai buga mini a kwamfuta.