Maraicen da piyano ya yi kiɗan ganga a Kafanchan

A Kafanchan ta wajen 2009, in aka ce wane ya iya kibod, ana nufin yana iya raka mawaƙan coci ba tare da ya ɓata musu murya ba. Da do-re-mi muka koya, sauran kuma kunne ne. Ban taɓa jin an kaɗa piyano shi kaɗai, mutane su zauna su saurara ba.

Sai wani malamin kiɗa, ɗan Kagoro da ya yi karatu a Jami'ar Nsukka, ya zo hutun Kirsimeti da damin takardu. Bayan gwajin waƙa ya ce mu dakata. Piyanon cocinmu na lantarki ne, janareta na ta ruri a bayan taga, hunturu ya busar mana da leɓe.

Ya fara da kiɗan Ayo Bankole, wanda ya ce maƙwabcinmu ne, don a Jos aka haife shi a 1935. Kiɗan ya shiga kunne ba gardama. Da ya koma kan Akin Euba sai zama ya canza. Euba, wanda ya rasu a 2020, shi ya yi ta kiran a ɗauki piyano a matsayin abin bugu, a sa shi ya yi aikin ganga. Malam ya kaɗa mana "Wakar Duru" ta 1987, wadda kashinta na farko ya tsaya a kan waƙar Gbagyi. Daga nan ya shiga "Talking Drums" ta Joshua Uzoigwe, mai tushe a kiɗan ukom na Ibo. Hannun hagu ya kafe a kan bugu guda yana ta maimaitawa, na dama yana ratsa shi, ya kauce, ya dawo. Mu masu kibod muka yi ta neman inda za mu jingina do ɗinmu, babu.

Wani dattijon coci ya kasa haƙuri. "Malam, waƙa ce wannan ko gyaran inji kake yi?" Aka yi dariya, har da malamin.

A ganina mu da muke taƙama da sanin kiɗa mu aka bari a baya. Matan zumunta da suka tsaya shara su suka fara gyaɗa kai. Shugabarsu ta jingine tsintsiya, ta ɗauko tulun da suke bugawa ran Lahadi.

"Ɗana, koma wancan wurin."

Ya koma. Ta saurara kaɗan, ta sa tafin hannu a bakin tulu, ta faɗa cikin kiɗan daidai gurbin da hannun hagu yake bari. Ba ta taɓa jin sunan Uzoigwe ba, ba ta kuma tambaya ba. Suka yi ta yi har aka zo kashe janareta.

Malam ya ce, "Mama, yaya kika ji?"

"Wanda ya tsara abin ya san ganga," in ji ta. "Kai ne kake sauri."