Wa zai zana Dutsi kafin gawon ya ƙare?

1/ Jama'a, yau ba siyasa, maganar zane zan yi. Ku daure ku kai ƙarshe.

2/ Akwai Farfesa Jerry Buhari, haifaffen Akwaya ta ƙaramar hukumar Kachia, 1959. A ABU Zariya ya karanci zane, can kuma ya yi shekaru yana koyarwa. Makarantar nan ce, tun tana kwaleji, su Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958.

3/ Abin da ya ja ni gare shi: ɗan ƙauye ne da bai bar ƙauye a baya ba. Aikinsa da yawa kan ƙasa ne da ɓarnar da mutum ke mata. Ba irin zanen kalanda ba fa, launi ne kan launi, sai ka tsaya kafin ka gane.

4/ Ni ɗan Dutsi ne, masarautar Katsina. A gonarmu gawo uku ne lokacin ina firamare, yanzu saura ɗaya. Biyun sun tafi a itacen girki, kuma ko hotonsu babu.

5/ Gawo fa ba ƙaramar bishiya ba ce. Da damina yake zubar da ganye, gero ya samu rana da taki. Da rani ya yi kore, dabbobi su ci 'ya'yansa. A Maradi, tun shekarun 1980 manoma ke barin tohon kututture ya girma, gonakinsu suka sake cika da itatuwa.

6/ Na san za a ce zane haramun ne. Maganar malamai kan masu rai take. Ibn Abbas da kansa ya nuna wa wani mai zane ya koma zana bishiyoyi.

7/ To me ya hana mu? Ƙanina ya iya zane sosai, amma kullum a gida ana ce masa ya nemi abin yi. Wallahi abin na damu na.

8/ In kun je gida hutu, ku ɗauki hoton tsohuwar kuka ko tsamiyar garinku, ku tambayi tsofaffi tarihinta. Mai iya zane ya zana. Ku ajiye min a ƙasa, da sunan garin.