SVALBARD: YAWON KWALE-KWALE A ƘASAR DA RANA BA TA FAƊUWA

A wannan mako za mu kai masu karatu can ƙuryar arewacin duniya, wurin waɗansu tsibirai da ake kira Svalbard, waɗanda ke ƙarƙashin mulkin ƙasar Norwe. Babban garinsu, watau Longyearbyen, yana da mutane kimanin 2,500, kuma tsakaninsa da tsinin duniya na arewa kimanin kilomita 1,300 ne. Daga wajen 20 ga Afrilu har zuwa ƙarshe-ƙarshen Agusta rana ba ta faɗuwa a can, sai dai ta yi ta kewaya sararin sama dare da rana. To, cikin wannan dogon yini ne masu yawon buɗe ido kan haɗa ɗan ayari, su ɗauki ja-gora, su shiga teku cikin ƙananan kwale-kwale, su yi mako guda ko fiye ba su ga gida ko hanyar mota ba.

Irin kwale-kwalen da suke shiga sunansa kayak. Siriri ne, rufaffe, yana da ɗan rami a tsakiya inda mutum zai zauna ya miƙe ƙafafu, ana tuƙa shi da filafili mai baki biyu. Asalinsa na mutanen Inuit ne na Girinlan da arewacin Amurka, waɗanda suke ɗinka shi da fata don farauta, amma na yanzu da roba ake yinsa. Cikin cikinsa matafiyi zai cusa tantinsa da guzurinsa da murhunsa, gama in an bar gari babu kasuwa, babu maƙwabci. Ko itace guda ba ya tsirowa a ƙasar. Gungumen da za ka gani zube a bakin gaɓa ruwa ne ya kwaso su tun daga kogunan Saberiya.

Abu na farko da ja-gora zai koya maka shi ne jin tsoron ruwan. Ko da tsakiyar bazararsu sanyinsa kusa yake da na ƙanƙara, wanda ya faɗa ciki da tufafin gida kuwa, kafin a daɗe hannuwansa za su sandare har ya kasa riƙe komai. Saboda haka kowa yakan sa wata riga mai rufe jiki daga wuya har tafin ƙafa, wadda ruwa ba ya ratsa ta. Kowace safiya ja-gora zai dubi iska, in bai yarda da ita ba, sai a yini a tanti, ba mai gardama. Ai sannu ba ta hana zuwa.

Ran da teku ta kwanta kuwa, nan ne ake cin ribar wahala. Da yake kayak ba shi da inji, matafiyi yakan ji abin da mai babban jirgi ba zai taɓa ji ba. Wajen kashi 60 cikin 100 na ƙasar Svalbard ƙanƙara ce ta lulluɓe shi, tana gangarowa sannu a hankali daga duwatsu har ta tsaya a bakin teku kamar ganuwar birni, fara mai ratsin shuɗi. Gutsattsarinta da ke yawo bisa ruwa suna ta ƙara tas-tas kamar ana suyar gyaɗa, domin iskar da ta daɗe a kulle ciki ce take fita. Can sai ka ji rugugi kamar aradu, wani ɓangare mai girman bene ya ɓalle ya faɗa ruwa. Shi ya sa ja-gora ba ya barin kowa ya matsa kusa da ganuwar, don igiyar da ke biyo baya tana iya kifar da kwale-kwale nan take.

Amma mai ƙasar na ainihi shi ne farin beyar, wata ƙatuwar dabba mai cin nama, wadda namijinta kan ninka zaki nauyi, ga gudu a tudu, ga iyo a ruwa. Tun 1973 aka hana farautarsa. Doka ta tilasta wa duk mai fita bayan gari ya riƙe abin da zai kore shi, shi ya sa ja-gora ba ya rabuwa da bindigar tartsatsi da kuma ta harsashi, ko da yake ba a harbi sai in rai ya zo ga halaka. Daga farkon 2025 kuma an sa doka cewa kada a kusance shi ƙasa da mita 300. In an kafa tanti, sai a raba gadi, kowa da sa'arsa, yana tsaye da madubin hangen nesa sauran suna barci cikin hasken rana. Wannan gadi ba wasa ba ne, gama cikin Agustan 2011 beyar ya shiga zangon waɗansu ɗalibai 'yan Ingila ya kashe ɗaya, ya raunata huɗu.

Bakin gaɓar kuma cike yake da tarihi. Wani matuƙin jirgi ɗan ƙasar Holan, Willem Barentsz, shi ya gano tsibiran cikin 1596, ya tarar ba kowa a cikinsu. Ba a jima ba Turawa suka yi ca a kan manyan kifayen nan da ake kira wel, suna narka kitsensu a wani sansani mai suna Smeerenburg, har suka kusa ƙarar da su. Haka aka yi wa walras, dabbar ruwa mai haƙora biyu kamar hauren giwa, sai a 1952 aka hana kashe ta, ga shi yanzu garkenta ya fara komowa. Har yau mai kayak yakan sauka ya ga kufan matoyar kitse da kaburburan mafarautan. Duk abin da ɗan Adam ya bari a can kafin 1946, ko da tsohuwar ƙusa ce, laifi ne a ɗauke shi.

Sai dai abin da doka ta kasa tsarewa shi ne ita kanta ƙanƙarar. Svalbard tana cikin wuraren da suka fi saurin ɗumama a duniya. Cikin Yulin 2020 zafi ya kai digiri 21.7 a Longyearbyen, abin da ba a taɓa aunawa ba kafin nan. Ganuwar ƙanƙara tana ta ja da baya, har akwai inda tsohuwar taswira ta nuna ƙanƙara, amma yau ruwa ne ake tuƙi a kai. Wanda ya tafi can ya kiyaye maganar ja-gora, ya kwashe shararsa, ya bar kufai da dabba yadda ya same su, to, ya yi baƙunta ta gari. Sauran aikin kuwa, watau rage hayaƙin da ke ɗumama duniya, yana wuyan manyan ƙasashen da suka fi kowa fitar da shi.