Waƙar da Ake Yi a Kan Dutsen Niƙa

Wanda ya tashi a gidan da ake niƙa da hannu ba zai manta da muryar nan ba. Da hantsi, bayan maza sun fice gona, sai ka ji mace ta durƙusa a gaban dutse, ɗan dutse yana kai da komo a kan dawa, ita kuma tana jan waƙa ƙasa-ƙasa, waƙar da ba wanda ya koya mata, wadda ta ƙulla da kanta daga abin da ke cin ranta: uwar da aka raba ta da ita aka kawo ta auren nesa, kishiyar da ta shigo da zafi, mijin da ya tafi Kurmi cin rani har damina biyu ba saƙo, yaron da ƙyanda ta ɗauke da bazara.

Ku yaran yanzu za ku ce me ya hana ta faɗa a fili. Kunya ce. Uwar da ba ta iya kiran sunan ɗanta na fari, ta yaya za ta yi masa kuka a gaban jama'a ranar da ya rasu? Masu ta'aziyya su zo, "Allah ya jiƙansa, sai haƙuri," a yi sadakar uku, a yi ta bakwai, a yi ta arba'in, kowa ya kama gabansa. Abin da ya saura a ƙirji, dutse da turmi ake kai wa. Idan matan gida suka jeru da taɓare suna lugude, ɗaya ta bayar sauran su amsa, a cikin amshin nan take gane ba ita kaɗai aka yi wa ba. Uwar miji tana ɗaki tana jin habaicin, ta kuma san da wa ake, amma ba a tuhumar mutum da laifin waƙa.

Yau injin markaɗe yana bakin layi. A ba yarinya roba da kuɗi, ta je ta dawo.

Ba na yi wa kowace mace fatan komawa dutse. Na ga kantar da ya bari a tafin hannun iyayenmu, na ga yadda ya lanƙwasa musu baya. Sai dai da aka ɗauke wahalar, an haɗa da wurin kukan, kuma ba a ba su wani ba.

Kada wani ya ɗauka kuka da waƙa aikin marasa ilimi ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, da ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, marsiyya ta rubuta masa, haka ta yi wa mijinta Waziri Gidado. Daga baya ga Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasa uba da uwa tun yana jinjiri, Sarkin Bukuru ya riƙe shi, ya girma ya ɗauki kuntigi, gwangwani da fata da tsirkiya ɗaya tak, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi ta auren dole, ya shiga rigimar miji da mata a "Jawabin Aure". Mutumin da ya san rashi ne kawai zai kalli yaron mota da irin wannan ido. Barmani Choge kuwa daga Funtuwa ta kifa ƙwarya, ta fito da zancen tsakar gida filin biki, mata suna rawa suna dariya a kan abin da ya hana su barci jiya. Ta rasu a 2013, Ɗan Maraya kuma a 2015.

Waƙa ba ta yi ƙaranci ba a yau, ta ma fi da yawa. Situdiyo sun cika Kano, kowace waya maƙare take. Amma mai baƙin ciki ya koma mai sauraro: ya toshe kunnuwa da waƙar wani, ya ɗora ta a WhatsApp, shi kaɗai, ba mai amsa masa.

Tsofaffin da suka yi niƙa da waƙa suna nan da saura a Daura, a Maraɗi, a ƙauyukan Zazzau, wataƙila ma a ɗakin bayan gidanku. Ku je ku zauna kusa da su, ku roƙe su su rera, ku ɗauka da wayar nan taku. In sun tsaya a tsakiya sun yi shiru, kada ku matsa musu, ku tambayi sunan wanda aka yi wa waƙar.