Gadon da Ba a Rabawa a Zaure

Karatu: Yohanna 9:1-7, Ezekiyel 18

Ɗan'uwa mai karatu, ka san yadda ake rabon gado a ƙasarmu. Dattawa su zauna a zaure, a ƙirga gona da gida da dabbobi, kowa ya karɓi rabonsa. Akwai kuma gadon da mutum yake karɓa tun yana cikin mahaifa, ba tare da an kira shaidu ba: tsawo, murya, launin fata, wani lokaci har da cuta. Sikila ta riga ta koya mana wannan, shi ya sa ikkilisiyoyi da yawa ba sa ɗaura aure sai an kawo takardar gwajin jini. Yau ina so in yi maka magana a kan wani gadon da ba a cika ambatarsa ba, wato yawan kitsen cikin jini da likitoci suke kira kolestarol.

Kolestarol halittar Allah ce mai amfani. Jiki yana gina ƙwayoyinsa da ita, kuma mafi yawanta hanta ce take ƙerawa, kaɗan ne yake shigowa ta abinci. Hantar ce kuma take tsamo rarar da ta rage a cikin jini, musamman nau'in da ake kira LDL. A wasu gidaje ana haihuwar mutum da hantar da ba ta iya wannan tsamowa sosai, sai kitsen ya yi ta taruwa tun yana yaro. Idan ka taɓa noman rani a bakin kogin Gagare, ka ga yadda laka take cike magudanar ruwa kaɗan kaɗan har ruwa ya kasa kai wa kwamin ƙarshe. Haka kitsen yake likewa a bangon jijiyoyin da suke shayar da zuciya da jini. Shekaru suna tafiya, hanya tana tsukewa. Ranar da wurin ya tsage, jini ya daskare a kansa ya toshe hanyar, wani sashe na zuciya ya mutu. Shi ne bugun zuciya.

Masana sun ƙiyasta cewa kusan mutum 1 cikin 250 a duniya yana ɗauke da wannan gado, kuma mafi yawansu ba su sani ba. Idan uba ko uwa suna da shi, kowane ɗa da aka haifa yana tsakanin samu da rashi, rabi da rabi. Mazan da ba su sami magani ba, kusan rabinsu ciwon zuciya yana kama su kafin su cika shekara 50. Idan kuma yaro ya gada daga uwa da uba duka biyu, abin da auren zumunci yakan ƙara wa dama, ciwon yana iya bayyana tun yana ƙarami.

Na san wani gida a Kaura Namoda. Maigidan siriri ne, ba ya shan taba, ba ya shan giya, ɗan kasuwa ne da yake zuwa cin kasuwar Shinkafi kowace Alhamis. Ya daɗe yana kukan nauyi a ƙirji idan ya yi sauri, ana ce masa olsa ce. Ya faɗi wata safiya bai kai shekara hamsin ba. Wansa ma haka ya tafi, mahaifinsu ma haka. Ba a gama zaman makoki ba raɗa ta fara yawo. Wasu suka ce jifa ne daga abokan kasuwa, wasu suka ce la'ana ce take bin gidan, wasu kuwa suka fara kallon matarsa da wani irin ido. Matar da ta rasa miji ta koma tana kare kanta a gaban dangi. Sai da wata 'yar'uwarsu ma'aikaciyar jinya ta nace aka kai 'ya'yan Gusau aka auna jininsu, aka sami biyu daga cikinsu kitsen ya hau ƙwarai, alhali ko shekara ashirin ba su kai ba.

Tambayar da aka yi a wancan gida tsohuwa ce. Almajiran Yesu sun yi ta da suka ga mutumin da aka haifa makaho, suna so su san ko laifinsa ne ko na iyayensa. Ubangiji ya ƙi ɗora laifin a kan kowa daga cikinsu, ya juya hankalinsu zuwa ga aikin da Allah zai yi a rayuwar mutumin, sa'an nan ya warkar da shi. Tun kafin wannan, annabi Ezekiyel ya tsawata wa mutanen Isra'ila da suke cewa 'ya'ya ne suke biyan bashin zunubin iyaye. Saboda haka, idan ciwon zuciya yana bin zuriyarku, kada ka bari kowa ya sa ka binciki kabarin kakanka kana neman laifi, kada kuma ka yarda a nuna gwauruwa da yatsa. Yin haka shaidar zur ce a kan maƙwabci, Allah kuwa ya hana.

Aikin Allah a wannan al'amari ya bi ta hannun mutane masu haƙuri. A 1938 wani likita ɗan ƙasar Norwe, Carl Müller, ya lura cewa yawan kolestarol da ciwon zuciya suna bin gidaje. A jihar Texas ta Amurka, Michael Brown da Joseph Goldstein suka gano abin da yake kasawa a ƙwayoyin jikin irin waɗannan mutane, aka ba su kyautar Nobel a 1985. Wani masani ɗan Japan, Akira Endo, ya samo asalin maganin da ake kira statin daga wata irin funfuna, kuma a 1987 aka fara sayar da irinsa na farko a Amurka. Ƙwaya ce da ake sha kullum, tana rage kitsen da hanta take ƙerawa. Wanda ya fara ta da wuri bisa umarnin likita yana iya tsufa kamar kowa. Mai wa'azin da ya ce maka shan magani rashin bangaskiya ne, ka tuna masa cewa Luka, abokin tafiyar Bulus, likita ne.

To, me ya rage gare ka? Ka fara da tambaya. Ka zauna da tsofaffin gidanku ka ji yadda iyaye da baffanni da kawunnai suka rasu, da shekarunsu. Idan akwai namiji da zuciya ta ɗauke kafin 55, ko mace kafin 60, ka riƙe wannan. Ka duba ko akwai mai ƙulli mai tauri a agarar ƙafa ko a bayan yatsu, ko tabo rawaya a fatar ido, ko farin zobe kewaye da baƙin ido a ƙuruciya. Da yawa ba su da ko ɗaya daga cikin waɗannan alamu, don haka gwajin jini ne kaɗai zai faɗi gaskiya. Na san hanyar Zurmi da ta Shinkafi ba a bin su da kwanciyar rai a shekarun nan, kuɗin mota ma ba wasa ba ne. Amma ranar da wata hidima ta kai ka Gusau ko Sakkwato, ka ware sa'a guda ka shiga Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ka ce a auna maka kitsen jini.

Ka rage man shanu da kakiɗe da kitsen balangu, ka yawaita wake da zogale da gero, ka rabu da taba, ka sa a riƙa duba hawan jininka. Sai dai ka sani, ga wanda ya gaji abin, kiyaye abinci shi kaɗai ba ya isa, dole a haɗa da magani. Mace mai ciki ko mai neman ciki ta sanar da likita kafin ta sha.

Abu mafi nauyi shi ne na ƙarshe. Idan an same shi a jininka, ka faɗa. Mu mutane ne masu ɓoye ciwo, muna tsoron a ce gidanmu yana da aibu, a fasa neman 'ya'yanmu. Amma sakamakon da yake hannunka labari ne a kan ƙanenka da ƙanwarka da 'ya'yanka, domin kowannensu yana tsakanin samu da rashi. Mai tsaron gari da ya hango haɗari ya yi shiru, Littafi Mai Tsarki ya ɗora alhakin a wuyansa. Ka kira su ɗaya ɗaya, ka gaya musu, wanda ba shi da kuɗin gwaji ka taimake shi. Idan abin ya fi ƙarfinka, ka kai maganar gaban dattawan ikkilisiya da zumuntar mata.

Mu yi addu'a. Ya Uba, kai ka san jikinmu tun ba a haife mu ba. Ka kawar mana da tsoro da zargin juna. Ka ba mu ƙarfin hali mu nemi sani, mu faɗa wa 'yan'uwanmu gaskiya cikin ƙauna. Ka ta'azantar da gwauraye da marayu, ka tsare matafiya a hanyoyinmu, ka sa albarka a hannun masu jinya. Cikin sunan Yesu Almasihu, Amin.