Ranar Alhamis A Kasuwar Dawaki

Na san wasunku da sun ji inda na dosa za su ce yau kuma me ya kai marubuciyar soyayya kasuwar karnuka? To ku yi haƙuri ku biyo ni a sannu, don wallahi ni kaina ban taɓa zaton ƙafata za ta taka wurin ba.

Gidanmu a bakin gari yake a Kano, kuma Abba mutum ne mai son kiwo, ba a raba bayan gidanmu da awaki da tumaki. Saboda ɓarayin dabbobi ne a shekarar 2010, ina 'yar firamare, ya karɓo wani ɗan kwikwiyo baƙi ƙirin a wurin wani mafarauci, muka sa masa suna Duna. Ranar kuwa Hajiya Kaka ta yi faɗa kamar ta ari baki, wai za a kore mata mala'iku daga gida. Sai da malamin Islamiyyarmu ya yi mata bayani cewa shari'a ta yarda a ajiye kare don gadi ko kiwo ko farauta sannan ta sassauta, amma da sharaɗin ba zai taɓa tsallako tsakar gida ba, kuma kaskonsa daban. Haka kuwa aka yi. Shekara 12 Duna yana kwana a bakin garke, ko igiyar akuya ba a sake ɗauka ba. Shi ke raka Autanmu har bakin titi in zai tafi makaranta, ya dawo ya kwanta a gindin darbejiya yana jiransa.

Da daminar 2022 tsufa ya kama shi, ya daina cin abinci, wata safiya muka tarar da shi ya miƙe a gindin bishiyar nan. Allah sarki! Auta ya yi kuka har da shessheƙa, kwana uku sai an lallashe shi yake cin tuwo. Abin da ya fi ba ni mamaki Hajiya Kaka, mai korarsa da carbi a hannu, ita na kama tana share ƙwalla da gefen mayafi, ta ce wai hayaƙi ne ya shige mata ido. Abba kuwa cewa ya yi, "Daga yau an gama kiwon kare a gidan nan, ba zan iya sake ganin irin wannan ba." Muka yi tsit, don mun san in ya yanke magana ya yanke.

A watan Disamba na shekarar Gwaggona da ke aure a Pankshin ta jihar Filato ta haihu, aka ce ni zan je in taya ta zaman jego. Muka tashi da sassafe, muka bi ta dajin Falgore da Saminaka, muka shiga Jos da azahar. 'Yan uwa in za ku Jos da hunturu ku riƙi rigar sanyi mai kauri, don garin a kan tudu yake, tsayinsa daga teku ya kai wajen mita 1,200, sanyinsa har cikin ƙashi. Daga nan muka sake mota, muka wuce Bukuru da Mangu da Panyam, ko'ina duwatsu ne an ɗora wani kan wani kamar da hannu aka jera su, ga buhunan dankalin Turawa da masara a bakin hanya, ga shingen ƙaya mai kama da ƙerana da suke zagaye gidaje da shi. Ana kiran magariba muka isa Pankshin, haƙorana na kaɗawa.

Gwaggo tana da wata maƙwabciya 'yar ƙabilar Angas, Kirista ce, dattijuwa mai faran-faran, kowa Mama yake ce mata. Ita ke kawo wa mai jego itacen wanka, Hausa kuwa a bakinta kamar jakar Kano. Ita ta gaya mini ƙasarsu ce ta haifi Janar Yakubu Gowon, wanda ya mulki Najeriya daga 1966 zuwa 1975. Wata Laraba da dare ta ce, "'Yata, gobe Alhamis kasuwar Dawaki ke ci, zan je sayen acca da wake, ki zo ki raka ni ki ga gari." Na ce to Mama. Ni a zatona kasuwar dawakai za mu, har ina murna zan ga ingarmu.

Muka gangara daga duwatsun Pankshin muka shiga ƙasar Kanke. Tun kafin mota ta tsaya na fara jin wani irin kuka, ba haushi ba ne irin wanda na saba ji, kuka ne mai ja, ɗaruruwan murya a haɗe. Na dubi Mama, ta yi dariya ta ce, "Au, ba ki sani ba? Ai nan ce babbar kasuwar karnuka, duk ƙasar nan an san ta." Tirƙashi! Gari sunansa Dawaki, amma ko doki ɗaya ban gani ba.

Kasuwa ce sosai kamar kowace, akwai 'yan hatsi, 'yan gwanjo, masu tukwane, masu ƙosai. Amma a ɗaya ɓangaren kejina ne na ƙarfe jere reras, an ɗora wasu kan wasu, kowanne cike da karnuka sun cunkushe, wasu kuma an ɗaure su da igiya a turaku. Ga manyan motoci ana lodi. Mama ta ce fatake ne ke bin ƙauyukan arewa suna sayowa, har daga wajen iyakar Nijar, su kuma masu saye suna zuwa tun daga Kuros Riba da Akwa Ibom, don a can da nan ƙasar tasu akwai masu cin naman kare tun kaka da kakanni. Ta dube ni ta ce, "Na san ku ba kwa ci. Kowa da abincin gidansu, da kuɗin nan mata da yawa ke biya wa 'ya'yansu makaranta." Na ce haka ne Mama. Ban je don in zagi abincin kowa ba, ita ma ba ta taɓa yamutsa fuska a kan namu ba. Amma fa ƙirjina bugawa yake, don galibin karnukan irin namu ne na gida, masu tsinin baki da siririn jiki, irin waɗanda ke bin mafarauta a garuruwanmu. Na ce a raina wa ya sani ko wani a cikinsu jiya-jiya yana raka wani yaro makaranta.

Ina cikin wannan tunani sai idona ya faɗa kan wani ɗan matashin kare ja, an ɗaure shi shi kaɗai a jikin tayar mota. Ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa, kunnensa ɗaya a yage, kaska ta cika masa wuya. Ko kaɗan bai yi kama da Duna ba. Ba ya kuka kamar sauran, ya dai sa haɓa a kan ƙafafunsa yana kallon wata kwatar ruwa da igiyar ba ta kai shi ba. Abin da ya karya mini zuciya ke nan. Nan take na tuna hadisin da aka koya mana a Islamiyya, na mutumin da ya shayar da kare mai jin ƙishirwa da takalminsa Allah ya gafarta masa. Na sayi ruwan leda biyu, na roƙi wani yaro ya zuba masa a fasasshen kwano. Ya shanye tas, ya ɗago ya dube ni, ya kaɗa bindi sau ɗaya tak.

Ai kuwa sai na ji bakina yana cewa, "Malam, nawa ne wannan?" Mai shi ya dube ni tun daga hijabi har takalmi, ya ce, "Hajiya, ke kuma me za ki yi da shi?" Na ce gadi. Ya ce ai wannan ba nama a jikinsa, shi ya sa tun safe ba wanda ya taya. Mama ta shiga cinikin da yarensu, aka yi ta ja, aka daidaita. Kuɗin da na ƙulle a bakin zani, waɗanda nake tarawa don buga littafina na uku, su na kwance na ƙirga masa. Sai da igiya ta zo hannun yaron da zai ja mana shi sannan hankalina ya dawo jikina, na tuna maganar Abba. Na ce na shiga uku, ina zan kai shi?

Da muka koma gida Gwaggo ta riƙe baki ta ce, "Ke dai Allah ya shirye ki, an aiko ki jego kin sayo mana kare!" Mijinta, wanda muke kira Kawu, malamin makaranta ne, bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa shi, kada yaro ya matsa kusa. A rufe shi a tsohon akurkin kaji, gobe zan kira likitan dabbobi." Wallahi da farko na ji haushi, na ga kamar wulaƙanci ne, ashe shi ne mai gaskiya.

Ƙannena, nan ne nake so ku buɗe kunne da kyau. Likitan ya ce karen da aka tsinta a titi ko aka sayo a kasuwa ba wanda ya san tarihinsa, yana iya ɗauke da ciwon haukan kare alhali lafiya lau kake ganinsa, don ƙwayar cutar takan yi makonni ko watanni a jiki kafin ta bayyana. Tana cikin yawun kare, ta cizo ko yaƙushi ko lasar ciwo take shiga jikin mutum, ta bi jijiya har ƙwaƙwalwa, kuma da zarar alamunta sun fito kusan ba a tashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta tana kashe mutum wajen 59,000 duk shekara, galibi a Afirka da Asiya, kuma kusan 4 cikin kowane 10 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. In kare ya ciji mutum, in ji shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu har minti 15, sannan a garzaya asibiti a ranar a fara allura, kada a tsaya shafa gashin kare ko toka a ciwon kamar yadda ake yi a gida. Allurar nan wani Bafaranshe Louis Pasteur ne ya fara yi wa wani yaro ita a 1885 ya rayu, shi ya sa ake tunawa da cutar duk ranar 28 ga Satumba, ranar da ya rasu. Ya ƙara da cewa a nan Filato ma, a garin Vom kusa da Bukuru, akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa da ke wurin tun 1924, tana yin rigakafin karnuka.

Ya yi masa allura, ya ba shi maganin tsutsar ciki da na kaska, ya ce duk da haka sai an killace shi wata huɗu ana lura da shi, don allura ba ta warkar da wanda cutar ta riga ta kama. Ya ce kuma duk shekara a sabunta, a ajiye katin.

Saura babban aiki, wato Abba. Kwana biyu ina juya waya a hannu kafin na kira. Na gaishe shi, na kwashe labari tun daga kwatar ruwa har likita na faɗa masa, muryata na rawa, na ce, "Abba ka yafe mini, na san ka hana." Ya yi shiru har na zaci layi ya yanke. Can sai na ji ya ce, "Yana dai cin abinci ko?" Hawaye suka zubo mini. Na ce yana ci Abba. Ya ce, "To tunda kin ɗauko amana sai ki riƙe. In likita ya sallame shi a kawo."

Ana saura kwana biyu ƙaramar sallah ta 2023 Kawu ya iso da shi a bayan a-kori-kura, ya yi ɓul-ɓul, gashinsa na sheƙi. Na ce wa Auta ga sabon Duna na kawo maka. Yaron nan ya dube ni ya ce, "Yaya, Duna ya mutu. Wannan wani ne." Na ji kunya ƙwarai, don ya fi ni gaskiya. Hajiya Kaka ce ta raɗa masa suna daga bakin ƙofarta, ta ce wanda ya fito daga waccan kasuwa da ransa ai sai a ce masa Rabo.

Kada ku zaci daga nan komai ya tafi daidai. Rabo ya fi wata biyu in ya ji ƙarar ƙarfe, ko murfin tukunya ne ya faɗi, sai ya ruga bayan turke yana karkarwa. Ba ya cin abinci in ana kallonsa. Bai san raka kowa makaranta ba, har yau ma bai koya ba. Da haƙuri da ƙanzo Auta ya saye shi, kullum ya zauna nesa kaɗan yana yi masa hira, har ranar da ya taso da kansa ya kwanta kusa da ƙafarsa. Daren da ya fara haushi a bakin garke kuwa, ina ji Abba ya buɗe taga ya ce, "Madalla."

Littafin nawa sai da ya ƙara shekara guda kafin ya fito, waɗanda suka yi ta aiko da tambaya yau kun ji dalili, ku yafe ni. Wadda duk aka yi rashin dabba a gidansu, kyanwa ce ko kare ko ɗan rago, ta yi kukanta ba abin kunya ba ne. In kuma za ku ɗauko wani, ku nemi izinin iyaye tukuna, kada ku yi irin gangancina, ku fara da likitan dabbobi, kuma kada ku ɗora masa sunan wanda ya tafi.

Gaisuwa ta musamman ga Mama da Gwaggo da Kawu a Pankshin.